Ƙyallin Kwana Tara

Kun saba abin da nake kawo muku ba ya wuce labarin sarautun zango ko tarihin fataken goro, to yau maganar fentin mota na zo da ita. Kada wani ya ce magatakarda ya rasa abin rubutawa. A kan wannan fenti na kusa zubar da mutuncin da na yi shekara 19 ina tarawa a ƙofar gidan dattijon da nake yi wa hidima, saboda haka na ga ya kamata in ba da labarin yadda ya faru, in haɗa da abin da na koya daga masu sana'ar, ko wani zai amfana.

Duk wanda ya tashi a unguwarmu ya san Marsandin Baba Alhaji. Ƙirar 230E ce ta shekarar 1984, cikin jerin nan na W123 da kamfanin Mercedes-Benz ya yi ta ƙerawa daga 1976 zuwa 1986, launinta shuɗi mai duhu. Da kuɗin goro Baba ya saye ta, ta hannu, aka sauke ta a tashar jiragen ruwa ta Tema tun ina saurayi ina karatu a zaure. Da na zama magatakardansa, rabin aikina a cikinta na yi shi. A cikinta muke zuwa gaisuwa fadar Manhyia, a cikinta muke zuwa sulhu idan rigimar gado ko ta fili ta tashi tsakanin 'yan'uwa. Amaren unguwa da aka kai ɗakin miji a kujerar bayanta ba zan iya ƙidaya su ba, haka nan gawarwakin da ta bi bayansu zuwa maƙabartar Tafo. Da shekaru suka ja, yana ta rufe idanun Baba, tafiye-tafiye suka ragu, motar ta koma zama ƙarƙashin bishiyar darbejiya a ƙofar gida. Rana ta dake ta, ƙurar hunturu ta kwanta mata, tsuntsaye da jemagu suka yi ta zuba mata kashi. Shuɗin nan ya koɗe ya yi fari-fari, in ka shafa hannu sai ka ga kamar alli ya biyo tafinka.

A damina ta biyu ta shekarar da ta gabata, cikin watan Oktoba, iska ta yaye rufin ajujuwa biyu na makarantar Islamiyyar da Baba ya gina. Aka lallaɓa da tamfol har rani ya shigo. Da Fabrairu ya kusa ƙarewa, Baba ya kira ni bayan sallar Isha'i ya ce, "Malam, ruwan Afrilu ba zai jira mu ba, ni kuwa ban iya yawon roƙo da furfurata ba. A gyara motar nan a sayar, a sayi kwano da katako." Na ce, "Ranka ya daɗe, motar tarihi ce." Ya ce, "Yara ba za su fake a cikin tarihi ba." Ya ba ni makulli da takardu da 'yan kuɗin gyara, ya ce amanar tana wuyana.

Washegari na kai ta wani wurin wankin mota da ke bakin titi, wanda ba zan ambaci sunansa ba, domin rabin laifin nawa ne. Na ce wa yaran ina son ta yi ƙyalli kuma ina sauri. Suka wanke ta da garin sabulun wanki, da soso guda da bokiti guda, daga taya har rufi. Sannan ɗaya ya ɗauko wata kwalba marar takarda a jiki, ya tsiyaya wani farin mai a tsumma ya bi motar da shi, ana tsakar rana, ƙarfe ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai. Kafin awa ɗaya motar da na kawo kamar an barbaɗa mata toka ta koma shuɗi mai sheƙi, ina ganin hulata a jikin bonet. Kuɗin da suka karɓa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da Baba ya ba ni ba. Na dawo gida ina yaba wa kaina iya tattali, na manta da maganar magabata cewa araha ba ta ado.

A ranar na ɗauki hotuna na watsa. Kwana biyu tsakani wani matashi ya taso daga Nima ta birnin Akra, mai sana'ar ba da hayar tsofaffin motoci ga masu biki. Ya zagaya ta, ya tayar da inji, ya leƙa ƙarƙashi, ya yaba. Muka yi ciniki ya ba da kafin alƙalami, ya ce zai dawo da cikon kuɗi bayan mako biyu. Da zai tafi ya tambaye ni, "Malam, ta taɓa yin hatsari?" Na ce masa, "Ai ga ta nan kana gani." Ban ce a'a ba, ban kuma ce e ba. Alhali ina zaune cikinta a shekarar 2009 lokacin da wata motar katako ta goge mu a hanyar Techiman, ƙofar baya ta hagu ta lotsa, aka buga ta aka cike da fila aka sake mata fenti. Na san wannan sarai, na bar ƙyallin ya amsa tambayar a madadina.

A rana ta tara ruwan farko ya sauka da daddare. Da gari ya waye na fito sallar Asuba, haske na yi na ga motar ta koma gidan jiya, har ta fi da muni, domin man ya bi ruwa ya bar zane-zane masu maiƙo, ƙura kuma ta manne a inda ya saura. Da hantsi jikan Baba ya riƙo hannunsa suka fito shan iska. Baba ya tsaya jikin motar ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet, ya shafa a hankali har zuwa gilashi, ya kai hannun hancinsa. Ya ce, "Malam, wannan ba gyara aka yi mata ba, kwalliya aka yi mata. Zanen aro ba ya rufe katara." Na yi shiru. Ya ƙara da cewa, "Yaron nan na Akra, da wace fuska ya gan ta?" Na ce da ta kwalliyar. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce kawai in kai ta Magazin wajen wani tsohon mai fenti da suka san juna tun zamanin manyan motocin goro, in ce shi ya aiko ni.

Wanda bai san Kumasi ba, Magazin ta Suame gari ce guda ta maƙera da kanikawa da masu walda da masu fenti, ana lissafa ta cikin manyan matattarar masu gyaran mota a nahiyar Afirka. Can cikin wani lungu na sami mutumin, Ba'asante ne da ya haura saba'in, Hausar zango a bakinsa kamar a Aboabo aka haife shi. Kowa Masta yake ce masa, ni ma haka na kira shi. Ya dubi motar ya yi dariya ya ce, "Malam, man ɓoye tabo suka shafa maka. Mai ne da ɗan gari mai laushi, yana shiga cikin ƙarce ya cike shi, ido ya ga sumul. Ba ya kama fenti, wanki biyu ko ruwa ɗaya ya tafi." Sannan ya faɗa mini maganar da ita ce tushen sana'ar tasu. Ya ce ƙyalli ba a cikin kwalba yake ba. Fenti yana sheƙi ne idan fuskarsa ta yi sumul, haske ya faɗo ya koma kai tsaye kamar a madubi. In fuskar ta cika da ƙananan ƙarce da mataccen fenti, sai hasken ya warwatse, ido ya ga dushi-dushi. Aikin man kariya, wanda suke kira silan, shi ne ya tsare sumul ɗin da aka riga aka samar. In ka shafa shi a kan datti, dattin ka adana.

Na tambaye shi wane iri ya kamata in saya, ya zaunar da ni a kan benci ya rarrabe mini su uku.

Na farko kaki ne, kuma mafi daraja a cikinsa shi ne na karnuba, wanda ake kankarowa daga ganyen wata bishiya dangin giginya da ke fitowa a arewa maso gabashin ƙasar Barazil. Yana ba da sheƙi mai zurfi, musamman a fenti mai duhu, shi ya sa masu kai mota baje koli suke son sa. Aibinsa rashin daɗewa. A ƙasa mai zafi da ruwa irin tamu, motar da ke kwana a waje, makonni kaɗan ne zai ƙare.

Na biyu shi ne silan ɗin kansa, haɗin sinadari ne na masana'anta. Idan aka shafa shi aka bar shi ya nuna, yakan kama fuskar fenti ya zama wata siririyar fata mai santsi da ruwa ba ya zama a kanta. Yana jure zafi da sabulu fiye da kaki, yakan kai wata huɗu zuwa shida, wani ma ya wuce haka in ana kula da motar. Mutum zai iya shafa shi da hannunsa a gida.

Na uku shi ne wanda ake yayi yanzu, seramik, wanda aka yi da sinadarin silika, asalin abin da ake yin gilashi da shi. Yana yin tauri ƙwarai, yana shekaru, amma yana da tsada, yana son ɗaki marar ƙura da hannun gwani. In aka bar wani wuri ya yi kauri ya bushe, ba ya fita da wanki sai an sa inji an gurje. Masta ya ce sabuwar mota ya fi dacewa da ita. Tsohon fenti irin na Marsandin Baba silan ya fi masa, domin in an yi kuskure ana iya gyarawa.

Ya kuma gargaɗe ni game da saye. Ya ce kada in karɓi kwalbar da ba ta da takardar bayani ko wadda aka ɓalle hatiminta, domin jabu ya yi yawa a kasuwa. In karanta abin da aka rubuta: minti nawa ake barinsa kafin gogewa, awa nawa yake so kafin ruwa ya taɓa shi. In kuma aka ce mini mai guda zai wanke, ya cire ƙarce, ya kare fenti shekara biyar, to in riƙe kuɗina.

Kwana uku aikin ya ci, ina zaune ina kallo, wani lokaci in naɗe hannun riga in taya. An fara da wanki a inuwa, da sabulun mota, da bokiti biyu: ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso, don kada yashin da aka ɗebo ya koma jikin fenti. Daga sama ake farawa a gangaro, taya kuwa da nata soson daban. Bayan ta bushe Masta ya ce in sa hannuna cikin siririyar leda in shafa bonet. Na ji ƙurji-ƙurji kamar an watsa gero, abin da tafin Baba ya ji ba tare da leda ba. Wannan ƙura ce da ƙaron bishiya da ɓurɓushin ƙarfe da suka nutse cikin fenti. Aka ɗauko wani ƙullin yumɓu na musamman mai kama da cingam, ana fesa ruwan sabulu ana zuzzuga shi a hankali, yana tsince su, har ledar ta daina jin komai.

Rana ta biyu aka shiga gurza, nan ne ainihin wahalar take. Masta ya manna tef a kan robobi da bakin ƙofofi, domin fenti ya fi siranta a gefe, inji na iya cinye shi har ƙarfe ya bayyana. Ya ce duk kaurin fentin mota bai wuce na gashin kai ɗaya ko biyu ba, saboda haka abin da aka gurje ya tafi ke nan, ba a yawaita yi. Aka fara da man gurza mai ɗan kaushi, aka bi da mai laushi, ana yin ɗan fili kamar faɗin darduma rabi kafin a matsa gaba. Soson injin ya rine ya zama shuɗi. Na tsorata, ya ce in kwantar da hankali: motocin wancan zamani masu launi ɗaya, launi da sheƙi a haɗe suke cikin shafi guda, mataccen saman ne yake fita. Motocin yanzu kuwa akan fesa launi, sannan a rufe shi da wani shafi garau kamar ruwa, wanda suke kira kiliya, shi ake gurzawa, soso ba ya rinewa.

Da aka zo ƙofar baya ta hagu, aka sa sabon soso, ya fito fari tas. Masta ya kashe inji ya dube ni. Ya ciro ɗan maganaɗisu daga aljihu ya naɗe shi a ƙyalle, ya ɗora a ƙofar gaba ya kama, ya ɗora a tsakiyar ta baya ya zame ya faɗi. Ya ce, "Malam, wannan ƙofar ba sa'ar sauran ba ce. Akwai fila a ciki, fentinta kuma na zamani ne. Mai sayen ya sani?" Na ce bai sani ba. Ya ce, "Ni dai aikina in fito da abin da ke nan. In na gama, ƙofar za ta fi sauran haske kaɗan, mai ido zai gani." Ya kunna injinsa ya ci gaba.

A daren nan ban yi barcin kirki ba. Na tuna zaman da muka yi a gaban malaminmu muna karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid, inda muka koyi cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da ita in ya gano. Na sha fassara wannan hukunci ga 'yan kasuwa a zauren Baba idan sun kawo ƙara. Ga shi ni da kaina na tsaya a bayan kalmar "ga ta nan kana gani" don kada farashi ya sauka. Na yi ta ba kaina uzuri cewa kuɗin na makaranta ne, ba aljihuna za su shiga ba. Uzurin bai zauna ba, domin na san Baba ba zai yarda a rufa wa yara ajin karatu da kwanon algus ba, kuma sunansa ne a takardar motar, ba nawa ba.

Da asuba, kafin in koma Magazin, na buga wa matashin waya. Na gaya masa hatsarin 2009, da filar da ke cikin ƙofa, da cewa ƙyallin da ya gani ranar farko na shafe ne. Na ce in ya fasa, kafin alƙalaminsa na nan ba a taɓa ba. Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke, sannan ya ce zai zo ya sake gani da idonsa.

Rana ta uku ita ce ta silan, kuma ita ce mafi sauƙi. Aka goge motar duka da barasar goge-goge da aka sirka da ruwa, don a cire maiƙon man gurza, domin silan ba ya kama fuska mai mai. Masta ya taɓa bonet da bayan hannu ya tabbatar da sanyinsa. Ya ɗiga ɗigo uku ko huɗu a ɗan soso mai laushi, ya shimfiɗa a tsaye sannan a kwance, siriri har da ƙyar ake ganinsa. Ya ce masu koyo suna zaton yawa shi ne kyau, alhali abin da ya taɓa fenti kaɗai ke kamawa, saura ɓarna ce da wahalar gogewa. Aka kauce wa baƙaƙen robobi don yana barin farin tabo a kansu. Bayan kamar minti 15 ya yi hazo-hazo. Masta ya ja yatsa a kai, wurin ya fito fes babu jirwaye, ya ce ya isa. Aka goge da tawul mai laushi irin na maikirofaiba, ana juya shi zuwa gefe mai tsabta a kai a kai. Sannan aka tura ta cikin rumfa aka ce kada ruwa ko raɓa ya taɓa ta sai bayan awa 24. Da lokacin ya cika ya watsa mata ruwa a kofi, ruwan ya dunƙule kamar ƙwayoyin carbi ya gangare.

Matashin ya zo ranar Asabar. Ya daɗe tsugune a gaban ƙofar nan, ya ƙwanƙwasa, ya hanga ta gefe. Ya nemi ragi, aka yi ta ja har aka rage masa abin da ya kai kuɗin bandir biyu na kwano. Na shiga na sanar da Baba ina jin nauyi, ya ce a sallama. Kuɗin sun rufe aji ɗaya da rabi, sauran rabin kuwa da jama'ar masallaci suka ji yadda aka yi, suka haɗa aka ƙarasa kafin ruwa ya yi ƙarfi a watan Mayu. Ragin da aka yi na so in biya daga albashina, Baba ya hana, ya ce in riƙe in sayi hankali da shi.

Ga masu mota a cikinku, ga abin da Masta ya sallame ni da shi. Kada a goge ƙurar hunturu da busasshen tsumma, domin yashi ne, kowace gogewa ƙarce ce. A zuba ruwa tukuna. Kashin tsuntsu da na jemage a wanke shi a ranar, yana cin fenti in rana ta gasa shi. A bar wanke mota da garin sabulun wanki, yana kankare kariyar. Kada man birki ya ɗiga a jikin fenti, yana narkar da shi. Wanda aka yi wa sabon fenti ya haƙura wata ɗaya zuwa uku kafin ya sa kaki ko silan, sai fentin ya gama fitar da sinadaran da ke cikinsa. In kuma aka ga ruwa ya daina dunƙulewa ya koma kwanciya shimfiɗe a kan bonet, lokacin sabuntawa ya yi. A wajenmu sau biyu a shekara ya wadatar, kafin damina da kafin hunturu.

Watan jiya matashin ya turo mini hoton Marsandin a wani ɗaurin aure a Madina ta Akra, an ɗaura mata furanni, amarya a kujerar baya. Na kai wa Baba waya na bayyana masa abin da ke cikin hoton tunda ba ya gani. Ya tambaye ni ko ƙofar hagu ta fito a ciki, na ce ta fito, ta ɗan fi sauran haske. Ya ce madalla.

Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, Ya saka wa Masta da alheri, mu kuma Ya ba mu ikon riƙe amana. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.